Yadda ake zagaya filayen jiragen Arewa da manhajar tuƙin jirgi daga Kano

Yawancin waɗanda suka fara wannan harka a Kano, da zarar sun buɗe manhaja sai su ɗauko Boeing 747, su tashi daga filin Malam Aminu Kano, su kunna tuƙi mai sarrafa kansa, su zauna suna kallon gajimare. Babu abin da aka koya a haka. Zagayen filaye aikin ƙaramin jirgi ne, mai tafiya ƙasa-ƙasa, wanda za ka sauke da hannunka sau shida a zagaye ɗaya. Ka ɗauki Cessna 172, ka bar sauran tukuna.

Maganar manhaja gajera ce. Microsoft Flight Simulator ta fi kyan hoto, amma tana jan hoton ƙasa daga intanet kana cikin tafiya, data kuwa ba ta yi mata wuya. Idan ita za ka yi amfani da ita, ka kunna ma'ajiyar wucin gadi a saituna, don kada ta sake sauke wurin da ka riga ka bi. X-Plane tana aiki ba intanet bayan ka sauke yankin Afirka. FlightGear kyauta ce, tsohuwar laftof ma tana ɗaukarta. Sandar tuƙi kuwa dole ce, ko ta hannu ce ka samo, domin saukar jirgi da allon rubutu wahala ce kawai.

Ga hanyar, kowane fili da lambarsa ta haruffa huɗu: Kano DNKN, Zariya DNZA, Kaduna DNKA, Jos DNJO, Bauchi DNBC, Dutse DNDS, sannan gida. Jimilla kusan mil na ruwa 420, wato tafiyar awa 4 a gudun not 110 (not ɗaya shi ne mil na ruwa ɗaya a awa). Kada ka yi shi a zama ɗaya. Zango-zango za ka raba shi, kowanne ya ƙare da sauka, don idan aka ɗauke wuta zango ɗaya kawai ka yi asara. Ka zana hanyar a manhajar taswira ta Little Navmap, kyauta ce, kuma ka rubuta tsayin kowane fili a takarda ka ajiye kusa da kai. Za ka ga amfaninta a Jos.

Kafin ka tashi, duba yanayi. Idan ka bar manhaja tana ɗauko yanayin gaskiya a watan Disamba ko Janairu, hazo zai rufe maka komai, wata rana ba ka ganin abin da ya wuce kilomita 2. Zagayen farko ka saita sama garau. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, sai ka tashi ta titi mai lamba 06 don ka fuskanci iskar. Da damina ta juya, ka koma 24. Ka ɗaga hanci a not 55, ka hau a not 74. Idan ka juya kudu maso yamma za ka hangi Dala da Goron Dutse, daga nan ka kama titin Zariya ka bi shi. Ruwan dam ɗin Challawa zai bayyana a damanka, na Tiga can nesa a hagu. Mil 74 ne zuwa Zariya, inda kwalejin horar da matuƙa jirgi take tun 1964. Titinta bai kai na Kano tsawo ba, saboda haka ka shigo a not 65 da filaf cikakke, wato faifan bayan fiffike da ake saukewa don sauka a hankali, kada ka ƙara. Kaduna kuma mil 34 ce kawai, kafin ka gama daidaita jirgi ka iso.

Zango na uku shi ne inda ake faɗuwa. Filin Kano yana ƙafa 1,562 sama da teku, Kaduna ta ɗan wuce 2,000, amma Jos tana 4,232. Mai koyo ya saba zagaya fili kafin sauka a Kano allurar tsayi tana nuna 2,600, sai hannunsa ya sauko da jirgi zuwa wajen nan ba tare da tunani ba, ya daki tsaunin Filato tun kafin ya hango gari. Allurar nan tsayinka daga teku take faɗa, ba daga ƙasar da ke ƙarƙashinka ba. Daga Kaduna ka hau zuwa 7,500 ka tsaya a nan. Kada ka sauko sai ka ga filin da idonka, kuma zagayen sauka a 5,200 za ka yi shi. Filin ma ba a cikin garin Jos yake ba, yana Heipang ne, kudu da gari, don haka kada ka ɓata mai kana nemansa a kan rufin gidaje. Kafin ka fara saukowa ka sabunta matsin iska a allurar. A manhajar Microsoft maɓallin B ne yake yi.

Sai kuma injin. Iska a can sama ba ta da kauri, zafi kuma yana ƙara sirantar da ita. Lissafin matuƙa shi ne, duk digiri ɗaya da zafi ya haura ƙa'idar zafin wannan tsayi, ka ƙara ƙafa 120 a kan tsayin filin. Ƙa'idar Jos wajen digiri 7 ce. Ranar da aka yi digiri 30, jirginka ji yake kamar yana ƙafa 7,000 alhali yana tsaye a kan kwalta, kuma injin irin wannan yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000. Idan ka bar jar sandar mai, wadda ke daidaita yawan man da ke gauraya da iska, a tura har ƙarshe kamar yadda ka saba, man ya fi iskar yawa, injin ya shaƙe. Da ka wuce ƙafa 3,000 ka riƙa jawo ta a hankali har juyin injin ya kai ƙololuwa, sannan ka ɗan mayar kaɗan. Haka za ka yi a bakin titi kafin tashi daga Jos: taka birki, ba da totur cikakke, daidaita jar sandar, sannan ka saki. Jirgin zai daɗe yana gudu a ƙasa, hawansa kuma zai yi nauyi. Kada ka ja hanci sama don haushi, riƙe 74 ɗinka.

Daga Jos zuwa Bauchi akwai duwatsun Shere masu kai ƙafa 6,000, ka gama hawa 7,500 kafin ka nufi arewa maso gabas, ko da sai ka yi zagaye ɗaya a kan fili. Bayan nan ƙasa sai sauka take. Ka tabbata sabon filin Bauchi ka zaɓa, ba tsohon na cikin gari ba. Ka leƙa mai a can, tankin 172 galan 53 ne, tana shan wajen 9 a awa. Dutse mil 83, Kano kuma 49 daga nan. Idan ka gama, sake zagayen da hazo, ko ka nufi Katsina DNKT ka tsallaka Maraɗi DRRM da Damagaram DRZR.