Yadda Ake Shirya Sansanin Hutu Na Koya Wa Yara Haɗa Mutum-mutumi Da Rubuta Manhaja

A karon farko da na tara yara lokacin dogon hutu, da sayen kaya na fara. Kwalaye suka iso cike da wayoyi da tayoyi da ƙananan injuna, sannan na zauna ina tunanin me za a yi da su. Kwana uku muka yi yara suna kallona ina haɗawa, suna tafi, amma ko ɗaya bai koyi komai ba. Abin ya tsaya mini a rai, kuma tun daga nan na sauya tsari.

Mataki na farko, tun kafin ka taɓa aljihunka, ka yanke shawarar abin da kake so kowane yaro ya haɗa da hannunsa a ranar ƙarshe. Ka rubuta shi a jimla ɗaya, misali: 'yar mota mai tafiya da kanta, wadda ke tsayawa idan ta ga abu a gabanta. Wannan jimlar ce za ta gaya maka kayan da za ka saya da yawan kwanakin da kake buƙata. Kwana biyar zuwa goma sun isa, awa uku a rana, da hutun wasa a tsakani.

Daga nan sai ka raba yaran bisa shekaru, domin abin da ke burge ɗan shekara 13 kuka zai sa ɗan shekara 6. Ƙanana 'yan 5 zuwa 7 akwai ScratchJr, manhajar koya wa yara tsara umarnin kwamfuta. 'Yan 8 zuwa sama sai Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007 a ƙarƙashin jagorancin Mitchel Resnick. Kyauta ce, ana iya sauke ta a yi aiki ko babu intanet, kuma ba rubutu ake yi ba, tubala masu launi ake jerawa ɗaya bisa ɗaya. Waɗanda suka ɗan tasa, hannunsu ya faɗa da madannai, su ne za a gabatar wa Python, yaren kwamfuta da ake rubuta umarni da shi. A ganina kada malami ɗaya ya riƙe fiye da yara takwas.

Ranar farko kuwa kada a kunna kwamfuta ko ɗaya. Wannan dabara ta koyar da ilimin kwamfuta ba tare da kwamfuta ba, Tim Bell na jami'ar Canterbury da ke Niyu Zilan da abokan aikinsa ne suka yaɗa ta. Ka tsayar da yaro ɗaya a tsakiyar ɗaki a matsayin mutum-mutumi, ka ajiye kujera tsakaninsa da ƙofa, sauran su rubuta masa umarni a takarda: taku uku gaba, juya dama, taku biyu. Sharaɗin shi ne ba zai yi komai ba sai abin da aka rubuta. Za ka ga ya nufi kujerar kai tsaye ya tsaya yana gugar ta, ɗaki ya kaure da ihu: "Ba haka muke nufi ba!" To a nan ne suke gane cewa na'ura ba ta san nufi ba, umarni kawai ta sani. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan darasin yake zaune.

Kwana biyu na gaba na Scratch ne. Abubuwa uku kaɗai nake so su kama: jeranta umarni, maimaitawa, da sharaɗin "idan kaza ya faru, yi kaza". Ka zaunar da su biyu-biyu a kwamfuta ɗaya, ɗaya na riƙe da linzami, ɗaya na karanta allo yana ba da shawara, su riƙa musanya duk bayan minti goma. Ka sa ido sosai a nan, don akwai yaran da ke ƙwace linzami su hana abokin zama, kuma sau da yawa mai shiru-shirun nan shi ya fi fahimta.

Sai a zo kan abin da suka ƙagara su gani. Ga masu farawa na fi son micro:bit, ɗan allon kwamfuta da BBC ta raba wa ɗaliban Birtaniya a 2016. Bai cika tafin hannu ba, yana da ƙananan fitilu 25, da maɓallai biyu, A da B, da na'urar da ke jin motsi idan an girgiza shi. Ana tsara shi da tubala a shafin MakeCode, kusan yadda suka saba a Scratch. Arduino, wani allon irinsa wanda aka faro a garin Ivrea na Italiya a 2005, ya fi dacewa da manya, domin yana buƙatar haɗa wayoyi da rubutu. Ka tuna micro:bit shi kaɗai ba ya iya juya injunan taya, sai an haɗa masa allon da ke ba su wuta daga batir. Batura kuma ka tanadi ninkin abin da ka ƙiyasta, ka yi cajinsu tun dare.

Kada a haɗa komai a tashi ɗaya, sannu ba ta hana zuwa. A fara kunna fitila, sannan a juya taya ɗaya, sannan biyu, sannan a saka idon motar. Idon nan da ke kama da ƙananan gwangwanaye biyu ba gani yake yi ba. Wani sauti yake harbawa wanda kunnen mutum ba ya ji, ya jira amsa-kuwwarsa ta dawo. Tunda sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, sai a ninka lokacin da wannan gudun, a raba biyu, saboda sautin zuwa ya yi ya dawo. Na ga yaran da ke gudun lissafi a makaranta sun ɗauki biro da kansu a wannan gaɓar.

Ga kuma dokar da ta fi kowace wuya ga malami: hannunka a bayanka. Wata yarinya 'yar shekara 10 ta gama haɗa motarta, ta ajiye a ƙasa, sai motar ta kama juyi a wuri ɗaya kamar katantanwa. Idonta ya ciko da ƙwalla, ta ce, "Malam, tawa ta lalace." Na hango matsalar, an juya wayoyin injin hagu, ja a gurbin baƙi, kuma cikin daƙiƙa biyar zan iya gyarawa. Na daure na ce ta ɗaga motar sama ta gaya mini abin da kowace taya ke yi. Ta ƙura ido, ta ce ɗaya gaba take yi, ɗaya baya. Ta yi shiru, can sai ta zare wayoyin ta musanya su. Da motar ta miƙe ɗoɗar, tsallen da ta yi har yanzu ina ganinsa. Washegari ita ce ke zagayawa tana cewa sauran, "Ɗaga ta sama tukuna mu gani."

Ƙirƙirarriyar basira ka bar ta zuwa kwanakin ƙarshe, kuma kada ka fara da manhajojin hira. ChatGPT ma sharaɗinta sai shekara 13 zuwa sama. Ka buɗe Teachable Machine, manhajar Google da ake koya wa gane abubuwa, a kwamfuta mai kyamara, yara su nuna mata biro sau da yawa, su nuna mata makulli sau da yawa, su danna maɓallin horarwa. Nan take za ta fara bambance su. Daga nan sai ka sa su yaudare ta: su koma gaban wani bango, ko su kawo biro mai wani launi. Sau da yawa za ta rikice. Ka tambaye su dalili, ka bar su su yi ta gardama har su gano cewa abin da aka nuna mata kaɗai ta sani, kuma idan misalan sun karkata gefe ɗaya, hukuncinta ma zai karkata. Da kayayyaki za a yi wannan, ba da fuskokin yara ba.

Maganar tsaro gajeriya ce amma babu sassauci a cikinta. Takardar amincewar iyaye kafin a ɗauki hoton kowane yaro, babban mutum fiye da ɗaya a ɗaki a kowane lokaci, ƙananan batura masu kama da maɓallin riga nesa da ƙanana don haɗiye su na da haɗari ƙwarai, kuma duk abin da ya shafi wutar soket babba ne zai taɓa.

Ranar ƙarshe ka gayyato iyaye, gani ya kori ji. Kada ka tsaya dogon jawabi, kuma kada ka mai da abin gasar na ɗaya da na biyu. Kowane rukuni ya nuna aikinsa, ya faɗi matsala ɗaya da ta ba shi wahala da yadda ya warware ta. Idan mota ta ƙi tashi a gaban jama'a, a bar masu ita su durƙusa su duba. Kafin a watse ka kwafa wa kowane yaro aikinsa, ka nuna wa iyayensa cewa shafin MakeCode na da hoton micro:bit mai aiki a gefen allo, wanda yaro zai ci gaba da gwada umarninsa a kai ko da allon na gaske ya koma kwali.