Darasi na 9: Mai dinkin bargon kyalle da magenta

'Yan uwa mata sannunku da kokari. Darasin yau na masu hada bargo ne da guntayen atamfa, irin wanda ake dinka kyalle kusa da kyalle a yi sama, a sa auduga ko tsohon bargo a tsakiya, a shimfida yadi guda a kasa sannan a bi duka ukun da dinki. Duk wadda ta taba wannan aiki kuma tana da mage a gida ta san abinda zan fada tun kafin in fada. Ki share tsakar daki ki jera kyallayenki ja kusa da shudi, kore kusa da ruwan dorawa, ki dan leka kicin ki sauke tukunya, kafin ki dawo ga hajiya mage ta mike a tsakiyar aikin tana hamma kamar ita ta biya kudin yadin.

Kalmomin da za mu koyi rubutawa yau sune: mage, kyanwa, muzuru, zare, allura, kyalle, almakashi. Mage da kyanwa duk abu daya ne, wasu wajen Sakkwato su ce mussa, namijin kuma shine muzuru. Kowa ta rubuta wanda ake fada a garinsu a saman shafi.

Toh, me yasa ba za a kore ta kawai a huta ba? Saboda bera. Mai ajiye buhun kyalle da auduga a daki ta bude wa bera masauki ne, da su yake shimfidar 'ya'yansa, kuma barnar bera ba ta gyaruwa, rami yake yi a tsakiyar turmin atamfa yadi 6 da kika sayo a Kantin Kwari ki rasa ta inda za ki yanka. Mage ko ba ta kama komai ba warinta kadai yana rage musu sakewa. Sannan a addini ma ba najasa ba ce, an san sahabin da ake wa lakabi da Abu Huraira saboda 'yar kyanwarsa, an kuma san labarin matar da ta shiga wuta don ta kulle mage ba ci ba sha. Don haka duka da muciya ko kulle ta a akurki baya cikin darasinmu.

Abu mafi girma a nan shine zare da allura, a nan zan dade. Harshen mage ba irin namu bane, in ta taba lasar hannunki kin ji kaushi kamar soson karfe, wasu kananan kayoyi ne a kai kuma duk sun kwanta suna kallon makogwaro. Shi yasa in zare ya shiga bakinta ba ta iya tofar da shi, sai dai ta yi ta hadiya yana shiga yana shiga, in da allura a jikinsa har ita za ta bi. Wani lokaci bakin zaren ya nade a karkashin harshe sauran ya wuce cikin hanji, hanjin na motsi zaren na daure, sai ya tattare hanjin kamar yadda kike jan zare ki yi tattara a wuyan riga, daga nan ya yanka shi. Alamun sune amai, kin cin abinci, labewa a lungu, dalalar da yawu, ko ki ga tana ta kai kafa baki. In kin hango zare ya leko ta bakinta ko ta bayanta KADA KI JA. Na san hannu zai yi ta kaikayi amma jan ne yake yankawa. Ki nade ta da tawul ki sa a kwali a tafi asibitin dabbobi ranar, ba gobe ba. Kuma don Allah kar wadda ta ce bari in bata rabin Panadol ta samu sauki, farasitamol guba ne ga mage, hantarta ba ta iya sarrafa shi, dan kadan ma yana kashe ta. Haka kafur din da muke jefawa cikin akwatin kaya don kwari, kar a bar shi inda za ta gara shi kamar kwallo.

Maganin ba tsada. Gwangwanin madara mai murfi guda 2, daya na allurai da fil, daya na guntayen zaren da kike yankewa, ki saba duk yanka daya ki jefa ciki maimakon kasa. Allurar da ke da zare kar ki soke ta a jikin katifa ko bakin zani ki tashi, wannan dabi'ar duk muna da ita, nima sai da na taka daya da tafin kafa kafin na bari. In kin tashi daga aiki ki bi tabarma da mayen karfe, wanda ake cirewa daga tsohuwar sifika ma ya isa, za ki sha mamakin fil nawa zai dauko. Keken dinki kuma a rufe shi da murfinsa ko tsohon zani, don zaren da ke lilo daga kwarkwaro shi take fara kaiwa hari, kuma kafin ki taka feda ki leka kasa, suna son kwanciya nan wajen bel.

Sai yakushi. Ba mugunta ce take sa ta ba, farcenta yana yin bawo ne tana bukatar abu mai kaushi ta cire tsohon, tana kuma barin warin kafarta a wurin don ta ce nan nawa ne. Ba za ki hana ta ba sai dai ki sauya mata wuri. Guntun icce mai bawo, ko tsohon kafet da aka nade a jikin katako aka kafa kusa da inda take kwana. Bargon da bai kammalu ba a nade shi a sa a Ghana-must-go a ja zif. Wasu suna zuba bawon lemu kusa da aiki don ba ta son warinsa, yana yi wa wasu wasu kuma ko a jikinsu, tawa dai tsallake shi take yi.

Mage tana barci wajen awa 12 zuwa 16 a rana, karfinta da asuba ne da kuma magariba. Kenan jera kyalle da yanka ki bari sai hantsi ko bayan azahar lokacin ta sheme. Ki dinka mata dan karamin nata da kyallayen da suka yi kankanta, ki sa a kwali kusa da ke, galibi abinda take nema kenan, taushi da dumi da kuma zama kusa da mai gida, balle lokacin hunturu. Kada dai ki dauka ta zama kyanwar Lami don ta lumshe ido, mage mai kwanciyar daukar rai ce.

In mace ce ki lura da ciki. Kwana 63 ne ko sama kadan, kuma in haihuwa ta matso babu dakin haihuwar da ya fi mata buhun kyallenki. Ki riga ta, ki ajiye mata kwali da tsumma a lungu mai duhu. Muzuru shi kuma matsalarsa fesa fitsari, in ya samu yadi a jika da ruwan sanyi tukuna a wanke da omo, kar a kai masa dutsen guga sai warin ya fita gaba daya don zafi kama shi yake yi. Gashin mage kuwa ki nada salatif a yatsu bangaren danko a waje ki bi bargon, ko ki jika tafin hannu ki shafa. Wannan ki yi shi kafin ki kai wa mai kaya, akwai mutanen da gashin mage ke sa su atishawa da tayar musu da asma, gara ma ki fada wa mai saye cewa kina da mage, ba abin kunya bane.

In ta cije ki ko ta yakushe ki har jini ya fito, ki wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 sannan ki je asibiti, musamman in magen mai yawon unguwa ce da ba a taba yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare ba, eh mage ma tana dauka.

Aikin gida. Ki rubuta jimla 3 da kalmar zare a ciki. Sai lissafi: kin jera layi 12, kowane layi kyalle 10, mage ta shigo ta watsa su kin tsinto 97, saura nawa za ki nema a karkashin gado? Kwana 63 sati nawa kenan? Wadda take da mage ta zo da gwangwaninta guda 2 ranar darasi na gaba mu rubuta musu suna a jiki.