Babi na Shida: Sauke Littafi Kyauta a Waya ta Hanyar Halal

Darasi na 1: Kyauta daban, kayan sata daban

Malamai da Hajiyoyi, sannunku da ƙoƙari. Yanzu kun iya haɗa baƙi da wasali, saura abin karantawa, don karatu kamar wuƙa yake, in ba a wasa shi dakushewa yake yi. Na san kuɗin cefane bai bar na sayen littafi ba. To wayar da ke hannunku tana iya zame muku ɗakin karatu.

Amma mu fara da gaskiya. Littafin da wani ya ɗauki hoton shafukansa ya watsa a guruf ɗin WhatsApp ba kyauta ba ne, gumin wani ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ce littafi na marubucinsa ne muddin ransa, in ya rasu kuma haƙƙin yana hannun magadansa har shekara 70. Saboda haka littafin halal iri biyu ne: wanda wa'adinsa ya cika ya zama na kowa, da wanda mai shi ya bayar da kansa, kamar yadda mutum ke haƙa rijiya a ƙofar gida ya ce kowa ya ɗiba. Rijiyoyin nan za mu je.

Darasi na 2: Rubuta adireshi

A nan kowa ke tuntuɓe, don haka ku natsu. Ku kunna data. Ku nemi Chrome a fuskar waya, zagayen nan mai ja da kore da rawaya, da shuɗi a tsakiya. Ku taɓa shi sau ɗaya. Can sama akwai dogon fili, ku taɓa shi, haruffa za su fito daga ƙasa. A cikin filin za ku rubuta wannan:

africanstorybook.org

Ku dube shi da kyau. Kalmomi uku ne aka manne su wuri guda: african, story, book. Haruffa 16 ke nan. Sai ɗigo. Sai org. Babu tazara ko ɗaya daga farko har ƙarshe. A darasin rubutu na koya muku barin fili tsakanin kalma da kalma, kun kuma riƙe, madalla. Adireshin intanet shi kaɗai ne bai yarda da wannan ƙa'ida ba. Kada yatsa ya taɓa dogon maɓallin nan na ƙasa.

Ɗigo kuma ɗigo ne, ba waƙafi ba. Waƙafi yana da ɗan wutsiya (,) shi kuwa ɗigo dunƙule yake (.) kamar ƙwayar gero. A waya maƙwabtan juna ne, dogon maɓalli ne kawai ya raba su, shi ya sa yatsa ke zamewa. Akwai wani Baba a ajinmu na Tudun Wada da ya kwana uku yana cewa wayarsa ta lalace, har yana shirin kai ta wurin mai gyara a Kasuwar Barci. Da na duba, waƙafi ya sa a wurin ɗigo. Muka goge, muka gyara, shafi ya buɗe nan take. Yau shi ke nuna wa na kusa da shi, saboda haka kada kowa ya ji kunya.

Mu sake. Taɓa filin sama. Rubuta african. Kada ka ba da tazara. Rubuta story. Kada ki ba da tazara, Hajiya. Rubuta book, da "o" guda biyu. Yanzu ɗigo. Tsaya, duba: mai wutsiya ne ko dunƙulalle? In mai wutsiya ne, goge. Sai o, r, g. Kafin ka danna komai, karanta abin da ka rubuta harafi bayan harafi, kana bi da yatsa, don wata wayar tana da karambanin canza kalma da kanta. In ya yi daidai da na littafin nan, danna kibiyar da ke ƙasa ta hannun dama.

Wanda ke zuwa Rigasa ba ya hawa motar Kawo ya ce ai duk Kaduna ce. Harafi ɗaya in ya kauce, wani gida za a kai ka.

Abin da ba na so shi ne na masu miƙa wa jika waya ya rubuta musu. Na gan ku. Ran da yaron ya tafi makaranta, wa zai rubuta? Ba don a yi muku kuka bar sana'arku kuka zo aji ba. Ku rubuta adireshin nan sau biyar a littafin rubutu, sau biyar a waya. Babu tazara, ɗigo ba waƙafi ba.

Darasi na 3: Sauke littafin

Shafin da ya buɗe na wata ƙungiya ce ta Afirka ta Kudu mai suna Saide. Gajerun labarai ne masu hotuna cikin harsunan Afirka da dama, har da Hausa, kuma da izinin masu su aka sa su. Ku nemi wurin zaɓen harshe ku taɓa Hausa. Kada wani ya ce ai na yara ne. Manyan haruffa da gajerun jimloli su ne daidai da mu yanzu.

In labari ya yi muku, ku nemi kalmar "Download", ma'anarta sauke. Sau da yawa alamarta kibiya ce mai kallon ƙasa. Ku zaɓi PDF, wato wani nau'in littafin waya, don kusan kowace waya tana buɗe shi. Littafin zai shiga ma'ajiyar waya, a cikin Files, a jakar da aka rubuta wa Downloads. Daga nan ku kashe data, zai buɗu ko babu ita.

Duk shafin da ya ce sai kun ba da lambar katin banki, ko BVN, ko lambar da aka turo ta saƙo kafin a ba ku littafin kyauta, ku fita. In kuma shafin ya ƙi buɗuwa tun farko, kun san inda za ku duba: tazara da ɗigo.

Darasi na 4: Wasu rijiyoyin

storyweaver.org.in na Pratham Books ne da ke Indiya, akwai labaran Hausa a ciki. Lura, ɗigo biyu ne a wannan.

gutenberg.org tun 1971 Michael Hart ya fara aikin a Amurka. Littattafan sun haura 70,000, galibi tsofaffi ne na Turanci, sai ku nuna wa yaranku 'yan sakandare.

archive.org yana da tsofaffin ƙamus da littattafan nahawun Hausa na zamanin Turawa. Ku tsaya kan tsofaffin da wa'adinsu ya cika.

Darasi na 5: EPUB

Wani nau'in littafin waya ne, ana iya ƙara girman haruffansa. Sai an sa manhaja kafin ya buɗu. Mai buƙata ya same ni bayan an tashi.

Aikin gida: kowa ya sauke labari ɗaya ya zo da shi ran Asabar, zai karanta wa aji shafin farko. Da yatsanka za ka rubuta adireshin, kuma zan tambayi jikokin.