Yadda Ake Tattara Tarihin Tafiye-tafiyen Ƙungiyar Masu Tsofaffin Motoci a Hanyoyin Tsere

Ƙungiyar masu tsofaffin motoci da ta yi shekara da shekaru tana fita yawo a kan hanyoyin da aka taɓa yin tseren rali, wato gasar motoci da ake yi zango-zango a kan hanyoyi, ba ta rasa labari. Abin da takan rasa shi ne wanda zai zauna ya tantance labarin. Duk wanda aka ɗora wa wannan aiki ya sani tun farko cewa tarihi biyu ne a gabansa: na gasar da ta yi wa hanyar suna, da na ƙungiyar da ta zo daga baya ta bi sawu. Inda aka cakuɗa su nan ne rubutun yake lalacewa, sai mai karatu ya kasa gane ko 'yan ƙungiyar ne suka yi tseren, ko kuwa sun bi ta wurin ne a tsanake bayan shekara talatin.

A fara da neman littattafan hanya, wato waɗanda ake raba wa kowace mota ranar tashi. A ganina babu takardar da ta kai su daraja, har da hotuna, domin hoto yana nuna wuri guda ne, littafin hanya kuwa yana ɗauke da tafiyar baki ɗaya. Galibi za a tarar da su cike da ƙananan zane-zane, ɗigo yana nuna inda mota ta fito, kibiya tana nuna inda za ta juya, da nisan mararraba zuwa mararraba a gefe. Wannan salon zane daga gasar Tulip ta ƙasar Holan ya yaɗu, wadda aka fara a 1949. Kada a wadatu da tsabtataccen kwafin da sakatare ya adana. A nemi wanda mai duba hanya ya riƙe a kujerar gaba, wanda ya sha maiƙo, aka soke layi da fensir aka rubuta cewa gada ta karye ko dusar ƙanƙara ta toshe mashigi, saboda shi ne yake faɗin inda aka bi a zahiri, wancan kuwa inda aka yi niyyar bi kawai yake faɗi.

Bayan an samu littafin, sai a shimfiɗa shi a kan taswirar zamaninsa. Taswirar yau tana iya ɓatar da mutum, domin lambobin hanyoyi suna canzawa. A Faransa, a farkon shekarun 1970 an mayar da hanyoyin ƙasa masu yawa hannun gundumomi, lambobinsu suka sauya daga N zuwa D. A Birtaniya kuma, a cikin waɗannan shekarun ne hukumar Ordnance Survey ta bar taswirar inci ɗaya a kan mil ɗaya ta koma ma'aunin 1:50,000. Haka nan a lura ko da mil aka auna nisan ko da kilomita, a kuma tuna cewa agogon ƙidayar tafiya na tsohuwar mota ba ya rasa kuskure, shi ya sa masu duba hanya suke dogara da na'urori irin su Halda Tripmaster ta ƙasar Suwidin.

Daga nan sai a koma kan gasar da aka bi sawunta, kuma a nan ne ake bukatar tsanaki sosai. Idan tsohuwar mujallar ƙungiya ta ce an bi hanyar gasar Monte Carlo, sai a tambaya, ta wace shekara? An fara gasar a 1911, kuma shekaru da dama motoci suna tasowa ne daga birane daban-daban na Turai su haɗu a Monako, saboda haka babu hanya guda da za a kira tata, ko da yake mashigin Turini, wanda yake cikin duwatsun kudancin Faransa, ya fi kowane zango shahara. Mille Miglia ta Italiya, wadda aka yi daga 1927 zuwa 1957 tsakanin Brescia da Roma da dawowa, ita ma ta sha sauya hanya. An dakatar da ita bayan mummunan hatsarin da ya auku kusa da garin Guidizzolo a 1957, aka farfaɗo da ita a 1977 a matsayin gasar kiyaye lokaci, inda ba gudu ake nema ba, sai isa kowane zango a daidai lokacin da aka ƙayyade. Gasar RAC ta Birtaniya, mai ɗauke da sunan ƙungiyar masu motoci ta Royal Automobile Club, da aka fara a 1932, sai a farkon shekarun 1960 ta shiga dazuzzuka, kuma hanyoyin tsakuwa na dazuzzukan ba a buɗe suke ga kowa ba. Don haka idan wani ya ce ƙungiya ta ratsa dajin Kielder na arewacin Ingila, a nemi takardar izini, in ba a samu ba a duba ko kwaltar da ta kewaye dajin aka bi.

Sakamakon tsoffin gasa ma kada a rubuta shi da ka. Mutane da yawa za su rantse cewa Mini Cooper ta lashe Monte Carlo sau huɗu a jere. Ta lashe a 1964 da 1965 da 1967, amma a 1966, bayan motocin Mini uku sun zo a sahun gaba, an soke sakamakonsu saboda fitilunsu sun saɓa ƙa'ida, aka ba Pauli Toivonen nasara a motar Citroën.

Hira da dattawan ƙungiya sai bayan an gama da takardu, don a je musu da tambaya mai kan gado. A ajiye littafin hanyar a gabansu su buɗe da kansu. A ba masu duba hanya muhimmanci fiye da yadda aka saba, domin direba yakan tuna yadda injin ya ɗau zafi a hawan dutse, amma wanda ya riƙe taswira shi ya san sunan ƙauyen da aka tsaya. In bakinsu ya saɓa a kan shekara, a rubuta maganar kowa yadda ya faɗa, sannan a duba bayanan zaman kwamiti ko rasidin masauki.

Motocin kuwa a bi su da lambar shasi, saboda fenti da lambar rajista da mai mota duk suna canzawa. Yana da kyau a bayyana ma'aunin da ƙungiya take bi wajen karɓar mota a kowane zamani, tunda FIVA, ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta duniya, wadda aka kafa a 1966, tana ɗaukar shekara 30 a matsayin mafi ƙarancin shekarun motar tarihi, wasu ƙungiyoyin kuma sun fi haka tsanantawa.

Wajen rubutawa, na fi son a tsara babi-babi bisa hanya maimakon jera shekaru, domin idan ƙungiya ta koma mashigi guda sau da yawa, mai karatu zai ga yadda motocin da mutanen da kwaltar kanta suka sauya. Kowane babi ya fara da taƙaitaccen tarihin gasar, sannan a ja layi a shiga na ƙungiya. A ƙarƙashin kowane hoto a sa shekara da wuri da lambar shasi, a nemi izinin wanda ya ɗauka kafin a buga, a kuma mayar wa masu littattafan hanya kayansu bayan an ɗauki hoton kowane shafi har da bango.