In kana shan maganin kitsen jini, ga yadda za ka yi da mura da ciwon jiki

Hunturu in ya shigo kowa sai mura da ciwon jiki, kuma yawancinmu kemis muke wucewa a ce a haɗa mana, a zuba ƙwayoyi kala-kala a 'yar leda babu suna babu kwali. To in likita ya ɗora ka kan maganin kolestarol, wato kitsen jini, irin su simbastatin ko atobastatin wanda wasu suka fi sani da Lipitor, ko rosubastatin, dan Allah ka daina karɓar haɗin nan. Kafin mai kemis ya miƙa hannu kan kanta ka faɗa masa abin da kake sha, in da hali ma ka je da kwalin.

Farasitamol dai ba ya faɗa da maganin kitse, shi ne ya fi sauƙi. Amma kar ka wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a awa 24, kuma ka bar aƙalla awa 4 tsakani. Inda ake yin kuskure shi ne maganin mura irin Procold da Mixagrip akwai farasitamol a cikinsu, sai mutum ya sha su ya ƙara da Panadol, ka ga ya ninka bai sani ba, kuma hanta ce ke ɗaukar nauyin duka har da maganin kitsen.

Ibufurofen da dikulofenak su matsalarsu ba da maganin kitsen ba ce kai tsaye, da mai shan maganin ce. Da yawa masu kolestarol suna da hawan jini ko suga ko ciwon zuciya, magungunan nan biyu kuwa suna ɗaga jini, suna wahalar da ƙoda, suna tayar da olsa, in kuma kana shan ƙaramar asfirin ta miligiram 75 kullum to haɗarin zubar jini a ciki ya ƙaru. Haka maganin buɗe hanci mai sudo'efedirin, matse jijiyoyin jini yake yi. Mai hawan jini gara ya yi sirace, ya ɗiga ruwan gishiri na hanci, ya sha ruwan ɗumi da zuma da citta.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne antibayotik. Mura ƙwayar bairus ce, ba ya mata komai, amma sai a cusa shi cikin haɗin tari. Antibayotik irin su eritromaisin da kilaritromaisin suna tare hanyar da hanta ke bi ta narkar da simbastatin da atobastatin, sai maganin ya taru a jini ya fara lalata tsoka, abin da ya fita daga tsokar kuma ya je ya toshe ƙoda. Ƙwayar ketokonazol ta ciwon fata ita ma haka take yi. In dole sai ka sha, likita ne zai ce a dakatar da na kitsen na 'yan kwanaki ko ya canza maka wani, ba kai za ka yanke ba.

Sannan ka lura da irin ciwon jikin. Na mura yana tafiya da murar. In cinyoyi da kafaɗu da ƙwauri suna ciwo duka ɓangare biyu, ba zazzaɓi, tashi daga tabarma ya zama aiki, musamman in ba a daɗe da ƙara maka ƙarfin maganin kitsen ba, kar ka danne shi da maganin ciwo ka ce gajiya ce. Fitsari in ya koma kalar baƙin shayi, ko ido ya yi rawaya, kar ka sha ƙwayar maganin kitsen ta daren, ka tafi asibiti a ranar a gwada jini da ƙoda.