Yadda ake haɗa salak ɗin 'ya'yan itace da ruwan lemo na gida

Uwargida, a zafin Katsina na watan Afrilu wannan haɗin yana sanyaya rai. Ki tanadi lemun zaƙi 6, lemun tsami 2, rabin abarba, kwatan kankana, ayaba 2 da tuffa 1.

Da farko ki wanke komai. Ki fere lemun zaƙi 2, ki cire farin ɓawon nan na ciki gaba ɗaya tare da ƙwallayen, domin su ke kawo ɗaci. Ki yanka abarba da kankana ƙanana a kwanon tangaran ko roba. Kada ki zuba a tukunyar dalma, tsami yana cin ta, ɗanɗanon ya canza.

Ayaba da tuffa su zo ƙarshe. Da kin yanka su, nan take ki matse lemun tsami 1 a kai, shi ke hana su yin baƙi. Ki rufe, ki sa a firji minti 30. In za ki zuba madara, sai lokacin ci; in ta jima da lemun tsami, guda-guda take yi.

Sai abin sha. Ki matse sauran lemun zaƙi 4 da ɗayan lemun tsamin da hannu, ki tace. Ki ƙara ruwan sanyi kofi 3, sukari cokali 3, da ɗan ruwan ɗanyar citta. A shanye a ranar. In ya wuni a waje cikin zafi, zai fara kumfa da tsami, sai dai a zubar.