Darasi na 9: Yadda ake gama faifan biki da wuri

An yi biki a Garwa ranar Lahadi. An ɗauki bidiyo da waya, tun daga ɗaurin aure har kai amarya. Uwar amarya tana son faifanta na DVD, gwaggo da ke Marwa tana so, kawu ma ya aiko daga Ngaundere. Manya sun fi son su zauna gaban talabijin, su danna rimot, su zaɓi wurin da za su kalla. Kai kuwa kwamfutarka ta wuni tana aiki, ko faifai biyu ba su fito ba.

Ina lokacin yake tafiya?

Aiki biyu kwamfuta take yi, mutane da yawa suna ɗauka ɗaya ne. Na farko juya bidiyo. Waya tana ajiye bidiyo a tsarin MP4, shi kuwa faifan DVD mai shafin zaɓi, wato shafin farko da ake zaɓar wurin kallo da rimot, tsarin MPEG-2 yake bi. Dole kwamfuta ta sake tsara kowane hoto. A daƙiƙa ɗaya akwai hotuna 25. Yi lissafi: bidiyon awa ɗaya hotuna 90,000 ke nan. Nan ne ake daɗewa. Aiki na biyu shi ne ɗora bidiyon a kan faifai, wanda da wuya ya wuce minti 10.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a juya bidiyo, a ɗora, sannan a koma farko saboda faifai na biyu. Kamar mace ce ta dama furar mutum goma, amma kowane kwano sai ta sake surfe da daka.

Juya sau ɗaya kawai. A manhaja irin DVDStyler, wadda kyauta ce, idan ka gama shirya shafin zaɓi, ka umarce ta ta ajiye aikin a matsayin fayil ɗin ISO. Wannan fayil kwafin faifan ne gaba ɗaya, har da shafin zaɓinsa. Daga shi za ka ɗora faifai goma ko ashirin da manhaja irin ImgBurn, ba tare da an sake juya komai ba. Ko bayan wata shida wani ya zo neman nasa, minti kaɗan ne, in dai ba ka goge fayil ɗin ba.

Juyawar ma ana rage mata nauyi. Fara kwashe bidiyon daga waya zuwa cikin kwamfuta. Yanke wuraren da mai ɗauka ya haska ƙasa ko ƙafafun mutane, don abin da ka yanke ba sai an juya shi ba. Zaɓi PAL, shi ne tsarin da faifai yake bi a Kamaru da Cadi, NTSC na Amurka ne. Shafin zaɓi kuma sa hoto ɗaya tsayayye, na ango da amarya, da maɓallai uku ko huɗu: Ɗaurin Aure, Walima, Kai Amarya. Shafi mai motsi da kiɗa shi ma sai an juya shi, kuma a ganina gwaggo ba ta damu da furannin da ke yawo a allo ba, 'yarta take son gani.

Kula da zafi. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, kwamfuta kuma idan ta yi zafi da kanta take rage gudu. Kada ka ajiye ta kan katifa. Ɗora ta kan tebur, ka kakkaɓe ƙurar da hunturu ya tara a ƙofofin iskarta. Bar ta a jone da wuta, ka rufe sauran manhajoji.

Faifan da aka rubuta wa 4.7 GB yana ɗaukar kusan awa biyu da hoto mai kyau. In ka cusa awa huɗu, fuskoki za su dusashe.

Wuri ɗaya ne ba a gaggawa, wajen ɗora bidiyo a faifai. Ko an rubuta 16x a jikin faifai, wato saurin ɗorawa, zaɓi 8x a manhajar. Bambancin 'yan mintoci ne, kuma tsofaffin na'urori sun fi karanta shi ba tare da tsayawa ba. DVD-R idan ya lalace ba a goge shi, kuɗinka ya tafi. Saboda haka tabbatar batir a cike yake kafin ka fara, ko da za a ɗauke wuta. Faifan farko kai shi talabijin, ka danna kowane maɓalli, sannan ka ci gaba da sauran.

Aikin gida: Juya bidiyonka ya ɗauki minti 50, ɗora kowane faifai minti 10. Ana son faifai 6. Minti nawa za ka yi idan ka juya sau ɗaya? Minti nawa idan kana sake juyawa kowane faifai? Rubuta amsoshin biyu a littafinka, ka zo da su aji.